Mishkin: Garin Ɓera Da Ya Ƙi Zama Ƙauye

A bakin kogin Bolga, cikin lardin Yaroslabil na ƙasar Rasha, tsakanin biranen Uglic da Ribinsk, akwai wani ɗan gari mai suna Mishkin wanda mazaunansa ba su wuce dubu shida ba. Sunan ya yi kama da kalmar "mish", wato ɓera a harshen Rashanci. Mutanen garin na ba da labarin wani basarake da barci ya kwashe a gaɓar kogin, ɓera ya bi ta fuskarsa ya tashe shi, sai ya ga ashe maciji ne ke gab da sararsa. Wannan dai almara ce, amma ita ke ciyar da garin a yau.

A shekarar 1777 Sarauniya Katarina ta Biyu, cikin gyaran da take yi wa mulkin larduna, ta ɗaga Mishkin zuwa matsayin birni, ya zama hedikwatar gunduma. Arzikinsa a kogi yake: fatake na safarar hatsi, matuƙansa kuma sun yi suna wajen ratsa jiragen kaya ta wuraren da ruwan ke da wuyar sha'ani. Bayan dokar 1864 da ta kafa majalisun gundumomi da ake kira zemstbo, masu kula da makarantu, asibitoci da hanyoyi, garin ya ƙara samun abin yi. A 1875 aka buɗe ɗakin karatu na Opocinin, wanda har yanzu ake alfahari da shi.

Sai layin dogo ya bi ta wani wuri, kasuwar kogi ta ja baya. A 1927 gwamnatin Sobiyet ta sauke Mishkin daga birni zuwa ƙauye. Alƙalamin da ya ba da sarautar daga nesa, shi ya karɓe ta.

Abin da ya burge ni shi ne yadda mutanen suka ƙi haƙura. Wani masanin tarihin garin, Biladimir Girecukin, ya tara matasa suna tsinto tsofaffin kwale-kwale, kayan sana'a da gidajen katako da aka yasar, har suka haɗa gidan tarihi na jama'a, ba na hukuma ba. A 1991 aka mayar wa Mishkin matsayinsa na birni, aka kuma buɗe Gidan Tarihin Ɓera, inda aka tara ɓerayen wasa daga ƙasashe daban-daban. Mai karatu na iya yin dariya. Amma jiragen 'yan yawon buɗe ido da a da ke wucewa sun fara tsayawa.

Matsayi daban, iko daban. Tsarin mulkin Rasha na 1993 ya ce ƙananan hukumomi ba sa cikin hukumomin gwamnati, dokar 2003 kuma ta ba ƙananan garuruwa majalisa da kasafin kansu a ƙarƙashin gunduma. Sai dai harajin fili da na gidaje da ɗan kason harajin albashi ba sa isar irin waɗannan garuruwa, dole su miƙa hannu ga lardi. Gyaran tsarin mulki na 2020 ya shigar da su cikin tsarin iko guda, sannan dokar da Shugaba Putin ya sa wa hannu a Maris 2025 ta ba larduna damar rushe majalisun ƙananan garuruwa su haɗe su a hukuma ɗaya. Yaroslabil na cikin lardunan da suka bi wannan hanya. Masu goyon baya na cewa an rage kashe kuɗi a kan ofisoshin da ba su da abin yi. Ni kuwa ina ganin an nisanta mai kuka da wanda zai kai wa kukan.

Tun farkon 2025 an ba ƙananan hukumomi izinin karɓar harajin yawon buɗe ido, wanda ya fara da kashi 1 cikin ɗari na kuɗin masauki. Sai dai da yawa daga baƙin Mishkin sa'o'i kaɗan suke yi, su sayi ɓeran tsumma, su koma jirgi su kwana.