Takalmin Ruwa: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka kuma faɗaɗa noman Jazira zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950, ruwa ya zo har bakin ƙofar mutanenmu. Tur'a babba, wato babbar magudanar ruwa, ta ba ƙarama, ƙarama ta ba lambatun da ake kira Abu Ishirin, shi kuma ya miƙa wa ƙaramin lambatu, Abu Sitta, har cikin hawasha, wato gonar manomi. Sai dai ruwan da ya kawo auduga da gyaɗa da alkama, shi ya raini tsargiya. Ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin tur'a su ne gidan ƙwayar cutar. Tana fitowa ta bi ruwa, an fi samunta idan rana ta take, kuma ba ta neman rauni ko tsaga: lafiyayyar fata take hudawa ta shige. Daga baya mutum ya ga jini a fitsari, ko hanta da saifa su kumbura.

Aikin lafiya na yankin kogin Bulunayil da aka fara a 1979 ya yi kusan shekara goma yana yaƙi da tsargiya. Maganin Praziquantel yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana wata sabuwa shiga gobe. Saboda haka masuncin da ke tsayawa cikin ruwa yana jan koma, da maharbin da ke laɓe cikin ciyawa yana jiran dinya ko kirinjijiya, dogon takalmin roba ba ado ba ne a wurinsu.

Fara da tsawo. Mai tsayawa a gwiwa ya ishi mai ban ruwa a gona. Mai kaiwa cinya shi ya fi dacewa da yawancin masunta a ƙananan tur'o'i. Akwai kuma wandon roba mai kaiwa ƙirji, wanda samari suka fi sha'awa, ni kuwa ina jin tsoronsa. In santsi ya kwashe mutum a babbar tur'a, ko a gaɓar kogi wajen Maiwurno, wandon zai cika da ruwa, hawowa gaɓa ta gagara. Duk mai sa shi ya ɗaure ɗamara tamau a ƙugu, kada ya wuce zurfin da ya sani, kada kuma ya shiga kwalekwale da shi.

Sai abin da aka yi shi da shi. Irin mai kauri kamar soso, da ake kira niyofirin, an yi shi ne don ƙasashen sanyi. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura digiri 40, ba wanda zai jure shi. Na yadi marar nauyi yana da daɗin sawa, amma ƙayar bagaruwa ɗaya ta gama da shi. Mu nan roba ce tamu, mai yadi a ciki. Lanƙwasa ta a gaban mai kanti, daidai idon sahu da bayan gwiwa. In ka ga ta yi fari-fari ko ƙananan tsaga sun bayyana, ta daɗe a ajiye, rana ta riga ta cinye ta. Araha ba ta ado.

Inda takalmi ke fara mutuwa shi ne mahaɗa: wurin da ƙafar ta haɗu da dogon jikin, da tsakanin cinyoyi in wando ne. Sa yatsa ka bi ta ciki. Mahaɗar da aka ninka aka kuma liƙa mata wani ƙyalle ta fi wadda aka shafa wa gam kawai. In ka kai gida, zura tocila a ciki da dare. Duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai bi nan. Mayar wa mai shi tun bai taɓa laka ba.

Lakar Jazira baƙa ce mai danƙo, tana riƙe ƙafa. Takalmin da ya yi maka yawa za ta zare shi ta bar ka da safa a cikin ruwan da kake gudu. Nemi wanda ya kama dunduniya, mai manyan haƙora a tafi, mai kaurin da ƙayar kurungu ko ta tarwaɗa ba za ta ratsa ba.

Tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kaya sun yi tsada, don haka wanda ke hannu sai a lallaɓa shi. A wanke lakar, a shanya shi a inuwa baki ƙasa, a nisanta shi da fetur da gas. Ƙaramar huda, mai facin taya zai toshe ta. A kakkaɓe shi kafin a zura ƙafa, saboda kunama. Ranar da ruwa ya shiga ciki kuwa, a fito a cire, a goge ƙafar da ƙyalle sosai, in kuma aka ga jini a fitsari ko a bayan gida, a nufi asibiti a yi gwaji.