Namun Dawa a Bayan Gida Lokacin Hunturu

Da zarar an gama yankan dawa a ƙasar Kusada da Kankiya, wajen ƙarshen Nuwamba, gonakin da suka rufe Mawashi ruf tun watan Yuli sai su koma fili fetal. An kwashe kara an jingine a jikin itatuwa, Fulani sun shigo da shanu suna kalar abin da ya rage, iskar arewa maso gabas kuma ta taso da hazon da take kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Baƙo zai ce daji ya mutu. Alhali kuwa duk shekara babu lokacin da namun dawa suka fi sauƙin gani kamar yanzu, domin maɓoya ta ƙare, ci da sha kuma sun taru a 'yan wurare, galibinsu dab da gidajen mutane.

Wuri na farko shi ne gindin gawo. Wannan itace ya saba wa 'yan uwansa: da damina yakan zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai hunturu ya kama, kuka ta kaɗe, sannan ya yi shar ya fitar da fure. Dalili kuwa saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai ta cim ma ruwan da sauran tsirrai ba sa kaiwa. Furen yakan jawo ƙudan zuma da ƙananan ƙwari, ƙwarin su jawo tsuntsaye, daga baya kawarar ta riƙa faɗowa awaki suna rububi. Wanda ya shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da gawo da hantsi, ya yi shiru na rabin sa'a, zai ga abin da mai wucewa a kan babur bai taɓa sanin yana nan ba. Magarya da kanya ma suna nuna a wannan lokaci, kuma cilakowa da kurege ba sa jiran yara su riga su.

Daga nan sai masussuka da gindin rumbu. Inda mata suka yi sussuka da shiƙa, kurciya da hasbiya da ƙananan tsuntsayen tsaba ba sa rabuwa da wurin. Da dare kuwa gafiya da ɓera ne ke karɓar aiki, mujiya tana bisa tana dakonsu. Mutanenmu sun tsani mujiya, yara na jifanta, amma mai rumbu da zai lissafa ɓerayen da take cinye masa, da ya hana.

Masu yawon dare ba a cika ganinsu ido da ido ba, sai dai a karanta sawunsu. A nan hunturu ya yi wa mai kallo gata, don ƙurar da ta kwanta cikin dare kamar allo ce da aka wanke. A fita da sassafe kafin awaki su tattake hanya. Zomo yakan bar dogayen sawu biyu a gaba, gajeru biyu a baya, kuma dogayen na ƙafafun baya ne, domin in yana tsalle su ke wuce na gaban. Gafiya takan ja layin wutsiya tsakanin sawunta. Makwarwa da zabin daji yatsu uku ne a gaba, girma ne ya bambanta su. Tsofaffin mafarauta sun fi kowane littafi sanin wannan karatu.

Akwai waɗanda ba za a gani ba ko an nema. A Janairu sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 13, kuma ƙadangare, da yake jikinsa ba ya samar wa kansa ɗumi, ba ya motsi sai ya sha hantsi a kan katanga. Kwaɗi sun shige ƙasa. Gaiwa ta naɗe cikin busasshen laka na fadama, tana shaƙar iska da huhu, tana rayuwa da abin da jikinta ya tara har ruwa ya dawo.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne musayar baƙi. Shamuwa, wadda ke zuwa gabanin ruwan fari ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta, takan tashi wajen Oktoba ta bi damina zuwa gabashi da kudancin Afirka. Tana fita, wasu na shigowa daga Turai. A bakin tafki ko lambun rani, a duba ƙarƙashin ƙafafun shanu: ban da balbela, akwai wata 'yar tsuntsuwa mai rawayan ƙirji da ba ta daina kaɗa jela. Nauyinta bai kai giram 20 ba, amma ta ƙetare teku da Sahara kafin ta sauka nan, kuma wajen Afrilu za ta koma. Turawa kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba. A 1822 aka harbo wata farar 'yar uwar shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, kuma har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Mafi yawan baƙin da ke son ruwa sukan zarce dausayin Haɗeja da Nguru, amma madatsar Zobe ta wajen Dutsin-Ma da ƙananan tafkunanmu suna samun rabonsu.

Tsuntsu guda ne mai kallo zai nema ya gaji. A da, ungulu ba ta rabuwa da mahauta da kasuwannin ƙauye, har ba a ɗaukarta abin kallo. Guba da masu farautarta don haɗa magani sun kusa ƙarar da ita, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin jerin masu dab da ɓacewa. Ka tambayi dattijon unguwarku yaushe rabonsa da ganin ungulu a kan rimi, sannan, domin tsuntsayen da suka rage, ka ajiye kaskon ruwa a inuwa a bayan gida, ka riƙa cika shi kullum da safe har ruwan fari ya sauka.