Zanen Bayan Ƙwaya: Yadda Ake Bambanta Ire-iren Wuta-wuta

Duk manomin da ke noman dawa ko gero a Kende da sauran ƙauyukan Bagudo, har zuwa iyakar Jamhuriyar Benin, ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ciyawa ce mai kyawun fure, amma saiwarta tana maƙalewa a saiwar shuka, ta tsotse ruwa da abinci, har shukar ta tsumbure. Masana ilimin tsirrai sun sanya wa danginta sunan Striga.

Wuta-wuta ba iri ɗaya ba ce. Striga hermonthica tana kama dawa da gero da masara da shinkafar tudu, ita kuwa Striga gesnerioides wake ne abin harinta. Akwai kuma wata makamanciyarsu mai ɗorawar fure, Alectra vogelii, wadda ita ma ke addabar wake. Idan suna tsaye a gona, fure da ganye sun isa a gane su. To, amma yaya za a yi idan ƙwayoyinsu kaɗai aka samu, gauraye da ƙasa ko da irin shuka da aka sayo a kasuwa?

Ƙwayar wuta-wuta ba ta kai rabin milimita ba, a ido kamar ƙura take. Tsiro guda yakan zubar da dubban ƙwayoyi, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, suna jiran wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa kafin su tsiro. A shekarar 1966 aka fara tace irin wannan sinadari daga saiwar auduga, aka kira shi sitirigol.

Madubin kimiyya mai aiki da ilektiron, nau'in da ke duba bayan abu, wanda aka fara sayarwa a Kambirij ta Ingila a 1965, shi ya bayyana cewa bayan wannan ƙwaya ba sumul yake ba. Akwai manyan kunyoyi da suka bi tsawonta, sau da yawa a murɗe, da ƙanana a tsakaninsu, kuma wasu kunyoyin suna da ƙuraje a kansu. Masana sukan duba tsayin kunyoyin, da tazararsu, da siffar ƙurajen, sa'an nan su kwatanta da ƙwayar da aka riga aka tabbatar da sunanta. Ita Alectra ba ta da wuyar ganewa, domin kwansonta sako-sako ne kamar raga, ana hango ƙwayar a ciki. Da irin wannan dubawa ake rarrabe ciyayin dangin Plantago a Turai: ƙwayar Plantago lanceolata tana da rami kamar kwalekwale, ta Plantago major kuwa ƙarama ce mai kusurwoyi.

Sai dai hanyar tana da iyaka. Zanen yakan ɗan sassaɓa ko a cikin iri guda, kuma ba ya nuna ƙarfin ciyawar. Alal misali, waken B301 na ƙasar Botswana yana jure wa wuta-wuta a wurare da yawa, amma wadda ke Zakpota a kudancin Benin tana kama shi. Saboda haka masana suna haɗawa da gwajin ƙwayoyin gado da gwajin shuka a tukwane, irin wanda ake yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya.

Amfanin wannan sani a fili yake. Idan aka gano cewa mai kama dawa ce ta cika gona, sai a shuka wake ko gyaɗa ko waken suya a madadin hatsi. Idan kuwa mai kama wake ce, sai a juya. Haka nan ana iya tantance irin shuka kafin a kai shi sabuwar gona.

Muna ba malamai shawara su sa ɗalibai su tsinko busassun kawunan wuta-wuta daga gonar dawa da ta wake bayan kaka, su kakkaɓe su a kan farar takarda, su duba da madubin makaranta, su zana abin da suka gani. Idan an gama, a ƙone kome da kome, kada ƙwaya ko ɗaya ta koma gona.