William Cartwright

William Cartwright (1 ga Satumba 1611 – 29 ga Nuwamba 1643) limamin Cocin Ingila ne, mawaƙi kuma marubucin wasan kwaikwayo. Yana cikin matasan marubutan da ake yi wa laƙabi da 'ya'yan Ben, saboda sun bi salon Ben Jonson.

Rayuwar farko da ilimi

An haife shi a Northway, cikin gundumar Gloucestershire. Ya yi karatu a makarantar Westminster, sannan ya shiga kwalejin Christ Church ta Jami'ar Oxford, inda ya sami digiri na farko a 1632 da na biyu a 1635. Daga baya ya zama limami, ya yi suna wajen wa'azi, kuma ya koyar da falsafa a jami'ar.

Ayyukansa

Cartwright ya rubuta wasanni huɗu: The Ordinary, The Lady Errant, The Siege da The Royal Slave. Na ƙarshen ne ya fi shahara. Labarin Cratander ne, wani fursunan yaƙi da Farisawa suka naɗa sarki na kwana uku kafin su yi hadaya da shi, sai kyawun halinsa ya cece shi. Ɗalibai sun yi wasan a Oxford a 1636 a gaban Sarki Charles na Ɗaya da Sarauniya Henrietta Maria. Inigo Jones ya tsara dandalin, Henry Lawes kuma ya yi kiɗan. Wasan ya burge sarauniya har ta sa aka sake yin sa a fadar Hampton Court.

Yaƙin basasa da mutuwarsa

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sarki da majalisa a 1642, Cartwright ya goyi bayan sarki. Oxford ta zama sansanin sarki, ta cika maƙil da sojoji, zazzaɓi ya bazu a garin. Wannan cuta ce ta kashe shi yana da shekara 32. An binne shi a majami'ar Christ Church.

A 1651, shekara biyu bayan an kashe sarki, Humphrey Moseley ya tattara wasanninsa da waƙoƙinsa cikin littafi guda. Littafin ya buɗe da waƙoƙin yabo sama da 50, galibinsu daga magoya bayan sarauta, a lokacin da majalisa ta rufe gidajen wasan kwaikwayo.