Ko Kun Sani?

Ɓawon lemon tanjarin da muke yarwa a bakin kasuwar Ikara ko ta Makarfi, mai ne cike da shi. Ka lanƙwasa shi kusa da wutar aci-balbal, za ka ga tartsatsi ya tashi, ƙamshi ya game ɗaki. Ƙananan ɗigon nan da ke jikin ɓawon, 'yan jakunkunan mai ne.

A Italiya da Barazil matse ɓawon ake yi ba tare da an ɗora shi a wuta ba, a tace man a zuba a kwalabe. Ɗanyen lemo kan ba da koren mai, nunanne kuma ja-ja. Fiye da rabin man nan sinadarin limonin ne. Masu magani da ƙamshi kan ɗiga shi a ruwa ya turara ɗakin kwana, don neman natsuwa da barci.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin darajar ɓawon nan: a shanya shi, a jefa cikin kaskon garwashi da magariba don korar sauro. Amma man kwalba yana da ƙarfi ƙwarai. Ba a shan sa, ba a kuma shafa shi zalla sai an sirka da man kwakwa ko na riɗi.