Hannunka Ya Tsaya A Zaure

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Dosso, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Tasawa har Damagaram, ya san yadda ƴan mata masu talla ke kewaye mota da zarar ta tsaya. Wata da gyaɗa, wata da dafaffen ƙwai, wata da ruwan sanyi. Ya kuma san wani abu da ido ya saba gani har ya daina ganinsa: babban mutum ya miƙa hannu, ya wuce faranti, ya kama wuyan hannun yarinya. Ta ce: "Baba, sake ni, mota za ta tashi." Ya ce: "Haba ɗiyata, ai wasa ne." Mutanen mota su yi dariya, yarinya ta sunkuyar da kai.

Jama'a, wannan ba wasa ba ne. Wasa sai da yardar mutum biyu. Yarinyar da uwarta ke jiran kuɗin cefane ba ta da ikon ɓata wa mai saye rai, shi kuwa ya san da haka. Shirunta tsoron asarar ciniki ne.

Abin mamaki, al'adarmu ta riga ta raba wannan gardama. A ƙasar Hausa baƙo ba ya faɗa wa gida. Yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama, in an amsa a shimfiɗa masa tabarma a zaure, in ba a amsa ba ya juya. Suratun Nur ma ta hori muminai da neman izini kafin shiga gidan da ba nasu ba. To, in katangar ƙasa tana da wannan alfarma, jikin ɗan Adam fa? Dubi gaisuwarmu ta gargajiya: yaro ya durƙusa daga nesa, a jinjina wa sarki ba a kai masa hannu, suruki ya kauce wa surukarsa a hanya. Ko wasan taubasai da na jika da kaka, da baki ake yin su, kuma kowa ya san iyakarsu.

Kunya ado ce, amma mun juya ta. Mun ɗora ta duka a kan wadda aka taɓa, mun sauke wa mai taɓawa. In yarinya ta ɗaga murya sai a ce ba ta da tarbiyya. Ta haka ɗabi'ar ke tashi daga tasha ta shiga makaranta da ofis, inda malami ke dafa kafaɗar ɗaliba, ko shugaba ya riƙe hannun sakatariya ya ƙi saki.

Ma'aikata su sani hukuma ba ta yi shiru ba. Kundin hukunta laifuffuka na Nijar na 1961 ya hukunta taɓa jikin mutum ta hanyar batsa. Gyaran da aka yi masa a 2003 ya ƙara laifin matsa wa wani da umurni ko barazana don neman lalata, da ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jikka 10 zuwa 100, ya kuma tsananta hukunci ga mai fakewa da muƙaminsa. Dokar ƙwadago ta 2012 ita ma ta haramta wannan a wurin aiki.

Sai dai alƙali ba ya zama a cikin kowace mota. Gyara yana hannunmu. Uwa ta gaya wa ɗiyarta cewa tana da ikon cewa a'a ko ga mai furfura, kuma in ta dawo da ƙosai ba a sayar ba saboda haka, kada a duke ta. Direba da shugabannin tasha su tsawata. Fasinjan da ya gani ya ce: "Malam, sake ta, ɗiyar wani ce kamar taka." Sau da yawa wannan kalma ɗaya ta isa.

Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Wanda zai sayi gyaɗa ya miƙa kuɗi, ya karɓi gyaɗarsa. Allah ya kare mana zuri'a, amin.