Tasirin Abokan Aiki a Kan Dawowar Ma'aikaci Bakin Aiki

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadar wa ma'aikacin da ta shafa hutun jinya na kwana 12 a shekara idan likita ya tabbatar da ciwon, ta kuma ba mai juna biyu hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. Sai dai iyakar doka ta tsare wa mutum gurbinsa, yadda zai zauna a gurbin bayan ya dawo kuwa yana hannun abokan aikinsa.

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda ake da ma'aikatan asibitoci da makarantu da na shirin noman rani na Bakolori, dalilan da ke raba mutum da aiki sun haɗa da jinya da haihuwa da takaba da aikin Hajji, sannan rashin tsaro ya ƙaru a kansu. A shekarar 2021 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu, suka ɗauki ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin Agusta, sannan ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun cikin Satumba, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantu, malamai da yawa suka daɗe ba su shiga aji ba.

Tasirin abokan aiki yana farawa tun mutum yana gida, domin zuwa dubiya ko barka ko jaje, da karo-karo, wato kuɗin da ake haɗawa don agaza wa wanda abu ya sama, suna tabbatar masa cewa ba a manta da shi ba. Idan ya dawo, malamin da ya riƙe masa aji ya nuna masa inda aka tsaya a manhaja, ko ma'aikaciyar jinya ta karɓar wa mai shayarwa aikin dare na ɗan lokaci, yakan koma aiki a hankali ba tare da ciwo ko fargaba sun tashi ba. Akasin haka yakan faru idan aka tarbe shi da tsegumi ko habaicin ya sha hutu, ko, idan sace shi aka yi, aka dame shi da tambayar abin da ya gani a daji, har ya fara fashin aiki ko neman canjin wuri.

Su ma waɗanda suka ɗauki nauyin aikinsa suna da hakki, musamman inda ma'aikata suka yi ƙaranci, domin wanda ya yi wata uku yana aikin mutum biyu ba tare da godiya ba da wuya ya yi maraba da mai dawowa. Saboda haka ya wajaba shugaban makaranta ko na asibiti ya raba aikin da adalci tun farko, ya ɓoye sirrin mai jinya, ya kuma sanar da ranar dawowa da irin sassaucin da za a yi da tsawon lokacinsa.